Tabon Da Ke Gindin Kofin Roba: Yadda Ake Sassaƙa Mol

 

Makonni uku da suka wuce, malaminmu na darasin fasaha ya rage mini maki biyu a aikin zane, saboda layin da ya kamata ya zama milimita 60 na ja shi 61. Raina ya ɓaci. Na bi shi har ofis na ce, "Malam, milimita ɗaya ce fa kacal." Bai yi mini faɗa ba. Sai ya ɗauki kofin robar da ke kan randa, ya kife shi, ya nuna mini wani ɗan tabo a tsakiyar gindinsa. Ya ce in je in binciko abin da ya kawo tabon, sannan in dawo mu yi maganar milimita ɗaya. Abin da na samo daga karatu da tambaye-tambaye shi ne na kawo muku yau.

Ku fara duba kayanku

Ku tuna kayan robar da kuka taɓa tun safe: bokitin wanka, kofin shayi, mataji, murfin biro, kujerar roba. Idan kuka duba su da kyau za ku ga alamomi iri uku. Na farko, ɗan tabo kamar cibiya, sau da yawa a tsakiyar gindi. Na biyu, ƙananan da'irori kamar an danna bakin fensir, waɗanda ake yawan gani a ƙarƙashin kujera ko a cikin murfin batirin rediyo. Na uku, wani siririn layi da ya zagaye jikin abin.

Waɗannan alamomi duka sawun abu ɗaya ne. Masu aiki a kamfanonin roba suna kiransa mol, wato mazubin ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki. Cibiyar nan ita ce ƙofar da robar ta shiga. Da'irorin nan sawun ƙusoshin da suka turo abin waje ne. Layin nan kuwa shi ne inda ɓangarori biyu na mol suka haɗu.

Yadda injin yake aiki

Roba tana zuwa kamfani a buhu, ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa. Ana zuba ta a mazurari, ta gangara cikin wani bututu mai zafi. A cikin bututun akwai dogon ƙarfe mai murɗi kamar sukuru, yana juyawa yana dama robar har ta narke. Irin robar da ake yin kofi da kujera da ita, wadda ake sa wa lamba 5 da haruffan PP, ana narka ta a zafin da ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan sukurun ya tunkuɗa ta cikin mol da ƙarfi, kamar yadda sirinji yake tura magani. Tana hucewa sai mol ya buɗe, ƙusoshi su turo kofin ya faɗo, mol ya sake rufewa. Duk wannan a cikin daƙiƙu kaɗan ne.

Wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah ne suka yi rajistar injin farko na irin wannan aiki a shekarar 1872. Nasu yana aiki ne kamar babban sirinji. A shekarar 1946 James Watson Hendry ya ƙera mai sukuru, kuma irinsa ne ya cika kamfanoni a yau.

Yin kofin bai da wuya. Wahalar tana wajen yin mol, domin duk abin da ke jikin ƙarfen, mai kyau ko marar kyau, sai ya fito a jikin kowane kofi. Idan akwai ƙarzuwa ɗaya a mol, kuma aka yi kofi dubu ɗari, to an yi ƙarzuwa dubu ɗari.

Turmi da taɓarya

Mol yana da ɓangare biyu: mai rami da mai tudu. Ku kwatanta turmi da wata ƙatuwar taɓarya da ta kusa cika shi, saura ɗan fili a zagaye. Wannan ɗan filin shi robar take cikawa, shi ne yake zama kofi. Ramin yana ba da siffar waje, tudun yana ba da siffar ciki.

Kafin a taɓa ƙarfe, sai an zana mol ɗin a kwamfuta, kuma mai zanen yana kula da abubuwa uku.

Na farko, roba tana tsukewa idan ta huce. Saboda haka dole ramin ya ɗan fi kofin girma. Ga misalin lissafi: a ce robar tana tsukewa da kashi 1.5 cikin ɗari, kuma ana son bakin kofi ya zama milimita 80. Kashi 1.5 cikin ɗari na 80 shi ne 1.2. Ke nan za a sassaƙa ramin ya zama kusan milimita 81.2. Kowace irin roba da nata yawan tsukewa, don haka mol ɗin da aka yi wa wata roba ba lallai ya dace da wata ba.

Na biyu, bangon ramin ba ya miƙewa sak. Ana ɗan karkata shi, yawanci da digiri ɗaya ko biyu, baki ya fi gindi faɗi. Ku tuna tandar masa. Da a ce ramukanta sun fi faɗi daga ƙasa, da masa ba ta fita sai a dagargaje. Wannan karkatar ce kuma ta sa mai sayar da bokitai yake iya jera goma cikin juna.

Na uku, rubutu. Duk harafin da ake son ya fito a jikin roba, a juye ake sassaƙa shi a ƙarfe, kamar hatimin ofishin shugaban makaranta.

Zaɓen ƙarfe

Ba kowane ƙarfe ake yin mol da shi ba. Idan kaya kaɗan za a yi, ana iya amfani da alminiyam, domin yana da sauƙin yanka, sai dai yana saurin cinyewa. Idan kaya masu yawa ne, sai a nemi ƙarfen sitil. Akwai wanda ake kira P20, wanda yake zuwa da matsakaicin tauri, ana yanka shi a yi aiki da shi a haka. Akwai H13, wanda ake yankawa yana da ɗan laushi, daga baya a gasa shi ya yi tauri sosai. Akwai kuma sitil marar tsatsa, da ake zaɓa idan za a zuba robar PVC, domin ita idan ta yi zafi tana fitar da iska mai cin ƙarfe.

Injin da ke bin lambobi

Ƙarfen yana zuwa a curi mai kusurwa huɗu, wani ma sai da ƙugiyar ɗaga kaya ake motsa shi. Aikin farko shi ne a cire duk ƙarfen da ba a so. Babban injin wannan aiki shi ne injin milin. Ana ɗaure ƙarfen tam a kan tebur, wani bakin yanka mai haƙora yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, yana aske shi. Bakin yakan zama na wani abu mai suna kabayid, wanda ya fi sitil tauri. Ana feshin ruwa mai haɗe da mai, ko iska, don rage zafi da kore ɓarɓashi.

A da, mutum ne yake murza hannayen injin yana duba zane. Yanzu kwamfuta ce take tuƙa shi, ana kiran irin wannan inji CNC. A shekarar 1952 aka nuna injin milin mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, kuma umarninsa a jikin doguwar takarda mai huji-huji aka rubuta shi. Injin bai san kofi ba, lambobi kawai ya sani. Kun tuna X da Y da muke zanawa a takardar giraf a darasin lissafi? Su ne dai. X hagu da dama, Y gaba da baya, sai a ƙara Z, sama da ƙasa. Kwamfuta tana ba injin dubban wurare ɗaya bayan ɗaya, bakin yana bi. Wasu injinan ma suna iya karkata bakin ko teburin, su yanki gefen da miƙaƙƙen baki ba zai kai ba.

Ana yin yankan hawa-hawa. Da farko babban baki ya kwashe ƙarfe da sauri, ya bar ɗan saura da bai kai milimita ɗaya ba. Sannan a sa ƙaramin baki mai kai kamar ƙwallo, ya bi jikin a hankali, layi bayan layi. Tsakanin layi da layi akan bar ɗan tudu kamar kunyar gona. Idan layukan suka matsu da juna, kunyoyin sun ƙanƙance, jikin ya yi sumul, amma aikin ya ƙara ɗaukar lokaci.

Sassan da suke zagayayyu, kamar tudun mol ɗin kofi, akan yi su a wani inji daban. A nan ƙarfen ne yake juyawa, bakin yanka yana matsowa a hankali. Haka muke yi idan muna feƙe fensir: fensirin muke murzawa, rezar tana wuri ɗaya.

Hanyoyin ruwa a cikin ƙarfe

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. A cikin jikin mol akwai dogayen huji da ruwa yake bi yana kwashe zafi. Mafi yawan lokacin da ake ɗauka wajen yin kowane kofi, jiran hucewa ne. Idan hanyoyin ruwan suna da kyau, kofi ya huce da wuri, kamfani ya yi kaya da yawa. Idan wani gefe ya riga wani hucewa, sai abin ya lanƙwashe. Shi ya sa wani murfin bokiti ba ya zama daidai komai dannawa.

Huda dogon rami a ƙarfe ba tare da ya kauce ba aiki ne mai wuya. Ana amfani da wani dogon bakin huda na musamman, irin wanda aka fara yi don huda bututun bindiga. Mai yana bi ta cikin bakin da ƙarfi, ya sanyaya shi, ya kuma koro ɓarɓashin waje.

Gashi da wasawa

Maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa idan aka gasa bakin wuƙa ya yi ja, aka tsoma shi a ruwa, yana ƙara tauri. Masu mol ma haka suke yi, sai dai da ma'auni. Ana sa ƙarfen H13 a tanderu har zafinsa ya ɗan haura digiri 1,000, a sanyaya shi da sauri, sannan a sake ɗumama shi a zafin da bai kai na farko ba, don kada taurin ya yi yawa ya riƙa tsagewa.

Matsalar ita ce gashi yana ɗan murɗa ƙarfe. Don haka bayan gashi sai a kai shi injin wasawa. Wannan inji yana da dutse zagayayye mai juyawa da gudu, ɗan'uwan dutsen masu wasa wuƙa. Yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan har fuskarsa ta kwanta daidai.

A nan ne ake daina maganar milimita, a koma maganar maikiron. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ne maikiron ɗaya. Kaurin takardar littafin rubutunmu kusan maikiron 100 ne. Injin wasawa mai kyau yana iya daidaita fuskar ƙarfe har kuskuren bai wuce 'yan maikiron ba.

Yanka da tartsatsin lantarki

Akwai abin da injin milin ba zai iya ba. Bakinsa zagayayye ne, kuma zagayayyen abu ba ya yin lungu mai kaifi. Ku gwada share kusurwar aji da ƙwallo, za ku ga kullum akwai inda ba ta kai ba. Haka kuma siririn baki yana karyewa idan ramin ya yi zurfi kuma ya yi ƙunci, kamar ramukan haƙoran mataji.

Maganin wannan ya fito ne daga wata matsala. Wasu masana biyu na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, miji da mata, Boris da Natalya Lazarenko, suna binciken yadda za a hana tartsatsi cinye bakin makunnin lantarki. A shekarar 1943 suka gano cewa idan aka yi tartsatsin a cikin mai, ana iya sarrafa cin da yake yi, a mayar da shi hanyar yanka ƙarfe. Ana kiran wannan hanya EDM.

Ga yadda ake yi. Ana sassaƙa siffar da ake so a jikin jan ƙarfe ko girafat, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Waɗannan suna da sauƙin yanka. Sai a nutsar da mol a cikin mai na musamman, a sauko da siffar nan kusa da shi, kusa ƙwarai amma ba ta taɓa shi ba. Lantarki yana tsallaka ɗan filin da ke tsakani, tartsatsi dubbai a daƙiƙa ɗaya. Kowane tartsatsi yana da zafin dubban digiri, yana narkar da ɗan mitsitsin ƙarfe, mai ya wanke shi. A hankali siffar tana nutsewa cikin ƙarfen, kamar yadda sawun ƙafa yake zama a laka. Taurin ƙarfen bai dame ta ba, muddin lantarki yana bi ta jikinsa. Aibinta shi ne jinkiri, don rami ɗaya yana iya cin awoyi da yawa.

Akwai wani nau'in da ake yi da siririyar wayar tagulla, wadda kaurinta yakan kai kwatan milimita. Wayar tana tafiya a cikin tataccen ruwa tana yanka ƙarfe da tartsatsi, kamar yadda ake yanka sabulu da zare.

Aikin da ya rage wa hannu

Bayan duk waɗannan injina, sai mol ya koma hannun mutum. Mai gogewa yana zama da ƙananan duwatsu, ya fara da mai kaushi, ya koma mai laushi, sannan samfefa, daga ƙarshe wani man shafawa mai garin lu'ulu'u. Idan ana son roba mai sheƙi ko wadda ake gani ta cikinta, sai ƙarfen ya zama kamar madubi. Wannan yana iya ɗaukar kwanaki. Gogar ƙarshe ana yin ta ne ta hanyar da kofin zai fita, domin ƙarzuwar da ta gitta tana riƙe roba. Idan kuma mai gogewa ya yi garaje ya cinye kaifin baki, ya ɓata aikin duk waɗanda suka riga shi.

Ranar gwaji

Kafin a ɗora mol a inji, ana shafa shuɗin fenti a fuskar ɓangare ɗaya, a haɗa su a matse, a buɗe. Inda shuɗin ya kama ɗaya ɓangaren, sun haɗu. Inda bai kama ba, akwai fili, sai a gyara.

Amma fa ba a son mol ya toshe ruf. Akwai iska a cikin ramin, kuma dole ta samu mafita idan roba ta shigo. In ba ta samu ba, sai ta matse ta yi zafi ta ƙona gefen robar, ko ta hana ramin cika. Don haka ana yanka 'yan hanyoyin iska masu zurfin kusan milimita 0.02. Iska tana wucewa ta nan, roba ba ta iyawa. Idan filin ya fi haka da yawa, roba ta kutsa ta fito, ta zama wannan siririn gefe mai kaifi da yake yankar hannu a jikin wasu bokitai.

Ku lissafa da ni. Milimita ɗaya ta ninka 0.02 sau 50. Wato kuskuren da na kira kacal ya ninka wannan fili sau hamsin.

Saboda haka masu mol suna da wata dabara irin ta tela. Tela mai hankali yana barin ɗan saura a yadi, domin ragewa tana da sauƙi, ƙari ne mai wuya. Su ma a wuraren da suke shakka sukan bar ɗan ƙarfe. Bayan gwajin farko, a auna kofin da ya fito, a san abin da za a rage. Idan aka wuce gona da iri wajen yanka, sai an yi walda ko an sako sabon guntu, kuma sau da yawa wurin yana barin tabo.

Idan kuna son ganin inda wannan kula take kai mutum, ku dubi ƙananan bulon wasan yara na kamfanin LEGO da ke ƙasar Denmak. Bulon da aka yi a shekarar 1958 har yanzu yana shiga cikin wanda aka yi bana ya kama.

Me ya shafe mu?

Mol yana da tsada, kuma yinsa yana cin makonni, wani lokaci watanni. Amma mol na sitil mai tauri yana iya yin kaya dubu ɗaruruwa, har ya kai miliyan. Idan aka raba kuɗinsa a kan wannan yawa, abin da ya hau kan kowane kofi kaɗan ne. Shi ya sa kofin roba yake da araha a kasuwa.

A Kano akwai kamfanonin roba a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Kowane bokiti da kowace kujera da suke fitarwa daga cikin mol ta fito, kuma mol yana cinyewa, yana tsagewa, yana bukatar mai gyara. Mai gyaran nan sai ya iya karanta zane, ya iya lissafin kashi cikin ɗari, ya iya riƙe ma'auni. Duka ukun muna koyon farkonsu a nan ƙaramar sakandare. Ina kira ga yayyenmu 'yan aji uku da suke tunanin inda za su nufa bayan jarrabawa, su daina ɗaukar kwalejin fasaha a matsayin wurin waɗanda suka rasa gurbi.

Na koma wajen malam na faɗa masa cewa tabon ƙofar roba ce. Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko har yanzu ina neman makina biyu. Na ce a'a. Na feƙe fensirina na sake zanen, layin ya fito 60 cif.

Tambayar wannan mako: ku duba cikin murfin robar lemo ko na ruwa. Sau da yawa za ku ga wata 'yar lamba, kuma murfi biyu na kamfani ɗaya suna iya zuwa da lamba daban-daban. Me kuke ganin lambar take nufi, kuma me ya sa kamfani yake bukatarta? Ga ɗan taimako: mol ɗaya yana iya samun rami fiye da ɗaya. Ku rubuta amsarku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis.

 

Daga wakilin aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.